Jan Alli a Hannun Hagu

Garin Dole, 14 ga Nuwamba, 1768

Zuwa ga 'yar kawuna Ursule, a shagonta na ɗab'in hotuna, titin Saint-Jacques, Paris.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen shago. Ni jikina babu abin da ya same shi.

Ina sanar da ke cewa 'yata Sabine ta rasu. Zazzaɓi ya kama ta ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga Oktoba, bayan ta dawo daga bakin kogi. Ranar Lahadi ƙuraje suka feso, likita ya tabbatar agana ce. Ta cika ranar Lahadin da ta biyo baya, shida ga wannan wata, da safe, ana kaɗa ƙararrawar coci ta farko, ina riƙe da hannunta. Shekarunta ashirin da uku. An binne ta washegari kusa da mahaifiyarta. Hankalinta bai gushe ba sai dab da ƙarshe, kuma ta ambace ki, ta ce a gaya wa Gwaggo ta daina aiki idan rana ta yi sanyi, saboda idanunta.

Likita ya ba da umarni a ƙone duk abin da ke ɗakinta: shimfiɗa, tufafi da takardu. Na bi umarnin, domin akwai ƙananan yara a gidan da ke jikin namu. Saboda haka duk zanen da ta yi tun dawowarta daga koyon aiki a wurinki ya tafi a wannan wuta. Guda ɗaya ya tsira, shi ma don yana ɗakin karatuna. Ta kawo mini shi a watan Satumba in duba mata ko gadar da ke ciki ta zauna daidai da awo, ban kai ga mayar mata ba.

Da jan alli ta yi shi, kuma irin hotunan makiyayan nan ne da Paris take so. Pernette ce, mai kiwon awakin unguwarmu, zaune a gindin bishiya, an ɗora mata malafa da ɗaurin alharinin da ba ta taɓa mallaka ba. Akwai akuya biyu a gabanta, can nesa kuma gada da gidan niƙa.

Na aiko miki da shi tsakanin alluna biyu, a hannun mai keken dokin da ya saba kawo miki cuku. Buƙatata ita ce ki sassaƙa shi a tagulla, a irin aikin nan naku da bugu yake fitowa tamkar alli, a rubuta sunanta a ƙasa, a buga abin da zai ishi dangi da duk wanda ya san ta. Sharaɗina guda ne, kuma ba na so a sassauta shi: kada ruwa ya taɓa zanen, kada injin bugu ya matse shi, kada yatsa ya hau fuskarsa. Yadda ya zo miki, haka nake so ya dawo.

Ɗan gwaggonki,
Anselme Rouvier

Paris, 2 ga Disamba, 1768

Anselme,

Ina gaishe ka. Kada ka tambayi lafiyata, ba ni da ita. A tsaye na fara karanta wasiƙarka, a zaune a ƙasa na ƙarasa ta. Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri.

Amma kai wace irin wasiƙa ce wannan? Alhamis, Lahadi, ƙararrawa. Sai ka ce rahoton awon rijiya kake aika wa hukuma. Tun kana yaro haka kake. Ranar da ka faɗo daga bishiyar Kaka, hannu a karye, ni ina ihu, kai kana bayyana mana reshen da ya ɓalle. Na san ka, shi ya sa ban yi fushi sosai ba. Ka yi kuka dai, ko da a ɗaki ne, ba wanda zai gaya wa ɗalibanka.

Da na faɗa wa tsohon nan Fiacre, mai juya mini inji, sai ya ce, "Wace Sabine, uwar ɗakina? Tamu?" Na ce tamu. Ya ajiye tsumman hannunsa ya fita tsakar gida, ya yini yana wankin bargon injin da aka wanke jiya. Ita kaɗai ce ya taɓa bari ta kama masa hannun injin nan. Ni da nake ciyar da shi ma sai na roƙa.

Zanen ya iso lafiya, da cukun. Na buɗe shi ni kaɗai. Anselme, yarinyar nan ta wuce inda na bar ta nesa ba kusa ba. Abin da ta bari a nan kwafe-kwafen koyo ne na zanen wasu. Wannan kuwa nata ne. Dubi wuyan akuyar nan!

Zan yi aikin da hannuna, ba zan ba kowa ba. Tun da ka hana inji, zan sa zanen ƙarƙashin gilashi in riƙa kallo ina kwafa a kan tagulla yadda nake ganinsa. Sai dai ka san halin tagulla: abin da ke dama a jikinta, hagu yake fitowa a takarda. Gadar za ta koma ɗaya gefen, Pernette ta juya fuska. Haka yawancin hotunan titin nan suke, kuma tun da nake sana'ar ba wanda ya taɓa dawo mini da hoto saboda wannan. Duk da haka ka ce mini eh ko a'a, don na san halin malamai.

Kana cin abinci kuwa? Wa ke dafa maka?

Ursule

Dole, 16 ga Disamba, 1768

'Yar kawuna,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina cin abinci, na kuma koma aji. Na karɓi faɗanki kamar yadda na saba karɓa.

Game da juyawar hoto, amsata eh ce, ba tare da wani shakku ba. Wannan darasi ne da nake koya wa yara duk shekara. Madubi ba ya ƙara wa layi tsawo, ba ya rage shi, ba ya buɗe kusurwa, ba ya tsuke ta. Duk abin da ake iya aunawa a siffa yana nan daram a cikin madubi. Gadar da ta zauna daidai a dama za ta zauna daidai a hagu. Babu abin da Sabine ta zuba a takardar nan da zai salwanta don an juya shi. Ki ci gaba da aiki hankalinki kwance, zanen kuma ya zauna ƙarƙashin gilashinsa.

Ki gai da Fiacre. Ki gaya masa takan ba da labarinsa a teburin abinci, har tana kwaikwayon tarinsa.

Anselme

Paris, 6 ga Maris, 1769

Malam sarkin awo,

Gaisuwa. Da sauƙi, sai dai gwiwa. Wasiƙunka biyu na cigiya sun iso, kuma na ga inda ka rubuta cewa idan aikin ya fi ƙarfina in faɗa. Ya fi ƙarfin wa? Ina yi maka shiru don ina aiki, kai kana can kana ƙirga mini laifi. Sanyin bana har tawada ya daskarar a kasko, rana kuma leƙowa kawai take ta koma. Wannan aiki ba a yin sa da fitila. Ɗan gargaren ƙarfe ne mai haƙora, bai kai ƙwayar wake ba, shi nake turawa a kan kakin da aka shafe tagulla da shi, yana barin ɗige-ɗige kamar burbushin alli. Layi ɗaya nata, ni sai in bi shi sau da yawa kafin ya yi laushin da take ba shi a jan hannu guda.

To ga bugun gwaji nan na naɗo maka. Ka wanke hannu kafin ka buɗe.

Bari in ba ka labarin da zai faranta maka rai. Maƙwabcina Gervais, mai sayar da hotuna, ya shigo ya tarar da shi a kan igiyar shanya. Ya ɗauka ya kai taga, ya goga yatsa a kai, ya duba ko ja ya kama shi. Ya ce, "Maƙwabciya, wa kike so ki yaudara? Wannan ai alli ne." Na ce, "Allin gidanku. Tawada ce, makaho." Ya ce, "To na wane ne? Tsaya, kada ki faɗa, na gane hannun. Ɗaya daga cikin masu zanen fada ne. Wannan gangarowar layin, ko a mafarki na gan ta zan shaida ta." Fiacre daga bayan inji ya ce, "Kai ko matarka ka gani a kasuwa ba ka shaida ta." Gervais bai kula shi ba, ya ce idan na bar ƙasan babu suna, kafin mako ya zagayo ba za a sami ko ɗaya a titin nan ba. Na kore shi da tsintsiya, amma ka ji dai. 'Yarka ce ake ɗauka mai zanen sarki.

Ni kaina ban taɓa buga hoton da ya yi kama da zanen hannu irin wannan ba. Kullum akan sami wani abu da ke tona asirin bugu, ko da ba ka san mene ne ba. Wannan babu. Da ka amince, sai a sa suna a fara bugawa.

Ursule

Dole, 21 ga Maris, 1769

'Yar kawuna,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Ina lafiya.

Kada a sa suna, kada a buga ko guda. Zan yi miki bayani dalla-dalla, kuma ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Aikinki ba shi da aibi. Na duba shi da gilashin ƙara girma, ban sami layin da kika tsallake ba. Amma tun kallon farko na ji kamar an turo mini baƙuwa sanye da tufafin 'yata. Na ajiye shi a tebur, ina wucewa ina dubawa, na kasa gano dalili.

Ranar Asabar Pernette ta kawo madara, sai na nuna mata. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa. Ta ce, "Malam, ni ce wannan? Da wannan ƙafa fes? Ai ko ranar aurena ƙafata ba ta ga wannan hasken ba. Ga malafa kuma! Na ce mata, 'yar malam, idan mijina ya gani zai tambayi wanda ya saya mini. Ta ce, ki ce masa akuya ce." Sai dariyar ta tsaya mata. Ta ce, "Ranar nan da ta gama, hannun hagun nan nata ya yi jajir har wuyan hannu, ta kama goshin akuyata ta goge. Kwana da kwanaki ana tambayata wa ya fasa wa dabbar kai."

Bayan ta tafi na koma kan hoton, na ga abin da ya kamata in gani tun a Disamba. Sabine bahaguwa ce. Ke kin sani, ni na sani, kuma dukanmu mun saba da shi har muka daina ganinsa. Mai hannun dama idan yana yi wa zane inuwa, layukansa daga dama ta sama suke gangarowa zuwa hagu ta ƙasa, domin haka wuyan hannunsa yake lanƙwasa. Na bahago akasin haka suke bi. Da tagulla ta juya hoton, sai ta juya kowane layi, ta mai da 'yata mai hannun dama. Abin da kika ce yakan tona asirin bugu, wannan ne: zanen masu hannun dama yakan fito a karkace ta hagu. Nata ya fito a karkace irin ta kowa.

Na gaya miki madubi ba ya ɓatar da duk abin da ake aunawa. Maganar tana nan a kan gaskiyarta, kuma gobe zan sake koyar da ita. Sai dai hannun da aka yi abu da shi ba ya cikin abubuwan da na lissafa.

Ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Tana 'yar shekara bakwai, matan zuhudun da ke koyar da ita suka ɗaure mata hannun hagu a jikin kujera. Na je da kaina na kwance shi a gaban shugabarsu, na dawo da ita gida, na koyar da ita a teburina. Shekaru ina zaune ina fuskantarta, tana jan alli ta wancan gefen, tana jawo kujera don haske ya zo mata ta dama.

Kin rubuto mini maganar maƙwabcinki a matsayin yabo, na san da zuciya ɗaya kika yi. Ni a matsayin shaida na karanta ta. Hoton da na nema don a san 'yata ya zama hoton da za a iya jingina wa kowa. Suna a ƙasan takarda almakashi yana cire shi.

Ki gaya mini ko akwai hanyar da hoton zai fito ta fuskar da ta zana shi. Na ji ana amfani da madubi a sana'arku.

Anselme

Paris, 10 ga Afrilu, 1769

Anselme,

Gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, zuciya ce ba ta yi ba. Na karanta har ƙarshe, sannan na yi fushin. Damina da rani ban taɓa zuba idona a kan aiki kamar wannan ba, ka ce mini baƙuwa. Na yi kwanaki ba na son ganin rubutunka. Sai na ɗauko gwajin na ajiye kusa da zanen, na duba. Shekara biyu yarinyar nan tana gogar gwiwar hannuna a benci ɗaya don ta hagu take aiki, ina yi mata tsiya, amma ban tuna ba. Gaskiyarka. Kada ka saba jin haka daga bakina.

Maganar madubi, na gwada kafin in rubuto. Ana yi, kuma gada da bishiya za su koma mazauninsu. Amma a madubi idona ne zai auna, hannuna ya ƙaga, kuma sai in riƙa kallon gefe ina aiki a gefe. Na yi wuyan akuyar a ɗan guntun tagulla. Fiacre ya leƙo ya ce, "Uwar ɗakina, wannan akuyar sanƙarau gare ta?" Layukan sun bi inda ya kamata, amma a sandare, kamar mai kwaikwayon sa hannun wani. Kai da gilashinka za ka gane a kallo ɗaya.

Hanya ta gaskiya ɗaya ce, ita ce wadda ka hana. A shafe sabuwar tagulla da kaki. A ɗan jiƙa bayan zanen, a kifa fuskarsa a kan kakin, a wuce da su cikin inji sau ɗaya. Allin da kansa zai tashi daga takarda ya kwanta a tagulla, a juye, kowane burbushi a inda ta ajiye shi. Ni sai in bi shi da gargarena, ba ƙari ba ragi. Idan aka buga, ya sake juyowa ya koma yadda ta yi shi, layin hagu a hagu.

Ga abin da za ka biya, kuma ba zan rage maka shi ba. Abin da ya tafi tagulla ba ya dawowa. Zanen zai koma maka a koɗe, rabin jansa ya tafi, wataƙila fiye. Wuraren da ta danna alli da ƙarfi za su baje kaɗan. Takarda jiƙaƙƙiya takan yage, ko da yake a hannun Fiacre ban taɓa gani ba. Kuma ba a maimaitawa.

Abu ɗaya zan ƙara, don kada ka ce na ɓoye. Ranar da na fara buɗe allunan, farar takardar da ka rufe shi da ita ta riga ta yi ja-ja-ja. Jan alli a kan takarda kwance kawai yake, ba ya kama ta. Ko ba inji, yana zuba a hankali. Amma a hankali ɗin zai iya kai ka har kabari yana da kyansa, wannan ma gaskiya ne.

Ba zan zaɓa maka ba. Gwaggo ce ni, kai ne uba.

Ursule

Dole, 9 ga Mayu, 1769

'Yar kawuna,

Gaisuwa da ban haƙuri a kan jinkiri. Ina lafiya. Ban so in amsa ranar da wasiƙarki ta zo ba, ban kuma so in amsa ranar da na fi kewarta ba. Na jira ranar da zan iya tsayawa a kan abin da na faɗa.

Na janye sharaɗina. A sa zanen a inji.

Dalilina ke nan. Na tsufa, kuma ba ni da wani ɗa. Ranar da na mutu, baƙi ne za su kwashe ɗakin karatuna, takarda guda marar suna kuma ba ta da mai tsaya mata. Ko ta ruɓe a akwati, ko ta faɗa hannun wani irin maƙwabcinki. Da na kafa sharaɗin, takardar nake tsarewa, domin ita ce abu na ƙarshe da ta taɓa. Har yanzu ina son takardar, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma abin da na kwance daga jikin kujera hannu ne, kuma shi nake so a gani a gidaje da yawa bayan ba ni.

Ki shimfiɗa shi da hannunki. Fiacre ya juya. A yi da rana tsaka, a rufe ƙofar shago. Bayan haka ki rubuto mini abin da ya faru daidai yadda ya faru, a irin rubutun nan nawa da kike zagi.

Anselme

Paris, 29 ga Mayu, 1769

Ɗan gwaggona,

Muna lafiya, da ni da tsohon. An yi. Takarda ba ta yage ba.

Ga rahotonka. Ranar Juma'a ce, da rana tsaka, haske ya fito sosai. Na kulle ƙofa, Gervais ya ƙwanƙwasa na ce mun mutu. Na jiƙa bayan zanen da soso, na jira ya sha, na kifa shi a kan kaki, na rufe da bargo. Fiacre ya kama hannun inji ya tsaya, bai juya ba. Na ce, "Me kake jira, sai an kaɗa maka ganga?" Ya ce, "Ita takan ce mini wani abu." Na san abin da yake nufi. Duk ranar da za a matse wani kwafenta, sai ta tsaya a kansa ta ce, "A hankali, Baba Fiacre, akwai mutane a ciki." To ni na faɗa masa. Muryata ba ta fita da kyau ba, amma ya ji. Ya juya, bai tsaya a tsakiya ba, bai yi tari ba, abin da ban taɓa gani ba.

Na ɗaga takardar ta kusurwa. Anselme, duk ta sauka. Har gashin gemun akuya. Ja a kan baƙin kaki, kamar garwashi.

Zanen ya koɗe, kamar yadda na gaya maka. Ana ganin komai, amma kamar ta bayan labule. Gidan niƙa ne ya fi shan wuya. Na busar da shi a shimfiɗe, na mayar tsakanin allunanka, na ɗaure da igiyarka. Yana tafe tare da wannan wasiƙa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ba zan taɓa tagullar ba sai na ji daga gare ka. A ƙasa, wajen ciyawar da ke gefen hagun zanen, akwai wani dusu-dusu da na ɗauka inuwa ce, har na gyara shi ya zama ciyawa a tagullar farko. A kan kaki ya fito sarai. Gefen tafin hannunta ne, inda ta dafa tana aiki, har da 'yan layukan fata. A al'adar sana'a gogewa ake yi, don datti ne, kuma duk mai sassaƙa a titin nan zai yi mini dariya idan na bar shi. Ni dariyarsu ba ta hana ni barci. In goge, ko in bi shi?

Ursule

Dole, 12 ga Yuni, 1769

'Yar kawuna Ursule,

Gaisuwa da godiya, gare ki da Fiacre. Ina lafiya. Rahotonki ya fi nawa, domin kin sa abin da ni nakan bari.

Ki bi shi. Kowane layin fata, da mafi ƙanƙantar gargaren da kike da shi. Kada ki ƙawata shi, kada ki mai da shi ciyawa. Na san wannan tabo. Yana jikin kowane littafin da ta ara a ɗakina, yana jikin ƙofar kicin, yana kafaɗar rigata ta zuwa coci. Idan wani ya tambaye ki mene ne, ki ce masa hannun mai zanen ne, na hagu.

A ƙasa a rubuta: Sabine Rouvier ta zana, Ursule Chappuis ta sassaƙa. Kada ki yi mini gardama a kan rabin na biyu.

Ga abin da ya rage. Ba a fara sassaƙa sabuwar tagulla ba, kuma ba na so ki yi gaggawa. Ki daina idan rana ta yi sanyi, kamar yadda aka bar miki saƙo. Tsohuwar tagulla ba a kankare ta ba, ina so a kankare ta a gabanki, a ƙone gwajinta, ni ma zan ƙone nawa. Ban rubuta sunayen waɗanda za a aika wa hoton ba, ban da Pernette, wadda ta riga ta zaɓi bangon da za ta kafa shi. Ba a sa dutse a kabarin ba, domin ban tsai da abin da za a rubuta ba.

Allunan sun iso ranar Laraba, babu abin da ya same su. Suna kan teburina, a gefen da take zama. Ban kwance igiyar ba tukuna.

Ɗan gwaggonki,
Anselme